Yaushe Za a Sallame Shi?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin Shika ya san wannan tambaya. Da majinyaci ya buɗe ido ya kurɓi kunu, sai dangi su fara tare likita a baranda: “Likita, yaushe za a sallame mu?” In zazzaɓi ne ko haihuwa, amsar ba ta da wuya. Amma in yaro ne ko matar aure da aka kwaso daga Hayin Dogo ko Sabon Gari bayan yunƙurin kashe kai, ba wanda zai iya yanke maka adadin kwanaki tun a ranar farko.

Jinyar kashi biyu ce. Ta farko ta jiki ce, a sashen gaggawa. A wajenmu da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa maganin ƙwari suka sha, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa. Irin wannan guba tana da yaudara. Mutum zai farfaɗo, ya yi magana, dangi su yi hamdala, sannan bayan kwana ɗaya zuwa huɗu naman da ke jan numfashi ya saki. Don haka in likita ya ce a dakata, ba kuɗin gado yake nema ba.

Ta biyu ita ce ta ƙwaƙwalwa, kuma a nan ake samun saɓani da iyali. Likitan ƙwaƙwalwa ba kalanda yake dubawa ba. Yana so ya san ko tunanin mutuwa yana nan, ko mutumin ya yi nadama ko kuwa haushi yake ji da aka cece shi. Yana neman ciwon da ke ƙarƙashi: ciwon damuwa ne mai tsanani, ko jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko shaye-shaye, ko damuwar da ke biyo bayan haihuwa. Sannan yana tambayar gidan da za a koma. Wanda ɓacin ran dare ɗaya ya tunzura, kuma yana da masu tsaya masa, ana iya sallamarsa cikin 'yan kwanaki ya riƙa zuwa ganin likita. Mai ciwon damuwa mai nauyi kuwa yakan kwashe makonni, domin magungunan wannan ciwo ba sa fara aiki sosai sai bayan mako biyu zuwa huɗu. A Amurka, inda kamfanonin inshora ke ƙirga kowane dare, kwanciyar takan tsaya kusan mako guda, amma wannan lissafin aljihu ne, ba ma'aunin warkewa ba.

Mu ma aljihun ne ke fitar da mu, sai kuma kunya. Mai jinya ya bar shagonsa a kasuwar Sabon Gari, kuɗin mota daga Samaru zuwa Shika safe da yamma ya cinye jari, ga maƙwabta sun fara tambaya. Sai wani kawu ya ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, sammu ne ko iska, a sa hannu a tafi gida. Ni ban ga abin da ya haɗa addu'a da magani faɗa ba. A yi ruƙiyya, a yi tofi, amma a bar shi a kan gadonsa ya sha ƙwayarsa. Akwai kuma tsoron hukuma, kuma yana da tushe: dokar Final Kod ta Arewa, a sashe na 231, ta ɗauki yunƙurin kashe kai laifi ne mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Wannan ke sa a ce wa likita “kuskure ne, ya ɗauka ruwa ne”, likita ya wanke ciki ya sallama, ciwon asali ya koma gida yadda ya zo. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023. A nan kuwa, ko da yake Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ba ta goge wancan sashe ba.

Kada kuma a ɗauka daɗewa a asibiti ita ce lafiya. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abekuta cewa majinyaci yakan fi murmurewa kusa da danginsa, inda ya riƙa saukar da marasa lafiya da masu jinyarsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti. Ajiye mutum wata da watanni a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau don a huta da shi, wannan yasarwa ce.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan sallama, musamman makon farko har zuwa wata uku. A asibiti akwai ido a kansa dare da rana. A gida bashin yana nan, jarrabawar da ya faɗi tana nan, kishiyar tana nan. Shi ya sa a Ingila aka ƙa'ide a sake ganin wanda aka sallama cikin awa 72. Kafin ku naɗe tabarma, ku karɓi ranar dawowa a rubuce a kan kati, kuma kada ta wuce mako guda. Wani ya riga shi isa gida ya kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da na feshin gona. Maganinsa ya zauna a hannun mutum ɗaya, yana ba shi na kullum, kuma a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan ya ji sauƙi, ko da ya ce ya warke.

A bar yi masa gori da “ka ja mana abin kunya”. In kun ga ya yi shiru, ya daina barci, ko ya fara rabar da kayansa, ku tambaye shi kai tsaye ko tunanin ya dawo. Tambayar ba ta cusa wa mutum abin da babu a ransa. In ya ce e, a daren nan za a koma Shika, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.