BABI NA UKU: GUDU DA INGANCIN INTANET DA AKE BUƘATA A GIDA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yawan gudun intanet da gida ke buƙata, da kuma abubuwan da ke tabbatar da ingancinsa. Yin haka ya zama wajibi, domin magidanci kan zuba kuɗi a kan layin da ya fi ƙarfin buƙatarsa, ko kuma ya sayi wanda zai yanke wa ɗansa darasi ana tsakiyar karatu.

3.1 Ma'aunin Gudu

Ana auna gudun intanet ne da megabit a cikin daƙiƙa guda, wato Mbps. Megabit 8 ne ke yin megabayit 1. Ke nan, layi mai gudun Mbps 10 zai sauke kundi mai gigabayit 1 cikin kimanin minti 13, alhali modem mai kilobit 56 na ƙarshen shekarun 1990 zai kwashe kusan awa 40 yana wannan aiki.

Gudu ya kasu kashi biyu. Akwai gudun saukewa, wanda ake buƙata wajen kallo da karatu, akwai kuma gudun aikawa, wanda ake dogara da shi wajen tura hoto ko kiran bidiyo.

3.2 Buƙatar Kowane Aiki

Kamfanin Netflix ya ƙayyade buƙatar kallon fim kamar haka:

(a) Hoto mai matakin 720p: Mbps 3
(b) Hoto mai matakin 1080p: Mbps 5
(c) Hoto mai matakin 4K: Mbps 15

Shi kuwa kiran bidiyo na Zoom, buƙatarsa ba ta kai Mbps 4 ba. Abin lura a nan shi ne, mutanen gida rabon gudun suke yi. Misali, idan uwargida da yara biyu suna kallo a matakin 1080p, kowa da wayarsa, maigida kuma yana taro ta Zoom, to ana buƙatar kusan Mbps 19. Saboda haka Mbps 25 zai wadatar da irin wannan gida.

Wannan adadi ya yi daidai da burin Tsarin Faɗaɗa Intanet na Nijeriya na 2020 zuwa 2025, wanda ya tanadi Mbps 25 a birane da Mbps 10 a karkara. A Amurka kuwa, hukumar FCC ta ɗaga ma'auninta daga Mbps 25 zuwa 100 a shekarar 2024.

Har ila yau, gudu yana tafiya ne da cin data. Kallon awa guda a kan Mbps 5 yana cinye gigabayit 2 da kwata. Wanda ke sayen data a ƙayyade, rage matakin hoto ya fi masa amfani a kan ƙarin gudu.

3.3 Inganci

Gudu kaɗai ba ya isa sai an haɗa shi da abubuwa uku. Na farko shi ne ƙarancin jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka kafin ya isa. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150. Tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 35,786 jinkirinsa na zuwa da dawowa yakan kai milisakan 600, shi ya sa masu magana ke katse juna. Taurarin Starlink, da suka fara aiki a Nijeriya a 2023, suna nisan kimanin kilomita 550 ne, don haka jinkirinsu kaɗan ne.

Na biyu shi ne ɗorewa. A watan Maris na 2024, lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta tsayar da harkokin bankuna da dama a Nijeriya. Haka kuma ɗaukewar wutar lantarki takan kashe na'urar gida komai kyawun layin.

Na uku shi ne mazaunin na'urar Wi-Fi. Bangon siminti yana raunana siginar, musamman ta zangon gigahaz 5, don haka ya kamata a ajiye na'urar a tsakiyar gida.

3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an fahimci cewa ƙaramin gida zai wadatu da Mbps 10 zuwa 25, muddin layin yana da ɗorewa da ƙarancin jinkiri. Babi na gaba zai duba farashin data.