Panasonic UB820 ko Sony X800M2: wacce ta dace da majigin gida?

Kasuwar na'urorin kunna faifan fim ta tsuke. Kamfanin Oppo, wanda masu sha'awar wannan fanni suka daɗe suna yabo, ya daina ƙera su a 2018, Samsung ya bi sahu a 2019. Yau duk wanda ya shirya ɗakin kallo a gidansa, da babban talabijin ko majigi da lasifiku kewaye, kuma yake son faifan Ultra HD Blu-ray, kusan sunaye biyu zai yi ta ji: Panasonic DP-UB820 da ta fito a 2018, da Sony UBP-X800M2 ta 2019.

Wani zai ce me ya rage wa faifai a zamanin Netflix? Amsar tana cikin yawan bayanai. Faifan Ultra HD, wanda aka fara sayarwa a 2016, yana ɗaukar gigabait 66 ko 100, kuma yana iya zubo hoto da saurin da ya haura megabit 100 a daƙiƙa, abin da fim ɗin intanet ba ya ko kusantowa. Ana ganin bambancin a fitowar dare, inda hoton intanet kan dunƙule inuwa ta zama gaɓa-gaɓa, faifai kuwa ya fito da saƙar baƙar riga a cikin duhu.

Dukkan na'urorin biyu suna karanta wannan faifai, da Blu-ray na da, da DVD, da CD. Kowacce tana da kafar HDMI biyu, ɗaya ta hoto, ɗaya ta sauti zuwa amfilifaya. A nan babu gardama.

Inda suka rabu shi ne wajen sarrafa haske, kuma a ganina nan ne maganar take. Fina-finan Ultra HD, da ake kira 4K, suna zuwa da tsarin HDR, wato tazara mai faɗi tsakanin baƙi ƙirin da fari fat. Ana auna hasken allo da ma'aunin nit, kuma fina-finai da yawa an daidaita su ne a kan nit 1,000 ko 4,000. Yawancin talabijin na gida ba sa kaiwa can, majigi kuwa ko kusa. Sai allon ya rasa yadda zai yi da hasken da ya fi ƙarfinsa: ko dai ya yanke shi, gajimare ya koma farin fili ba zane ba gaɓa, ko kuma ya rage hasken hoton gaba ɗaya har fuskoki su dushe. Kamar zuba ruwan tulu ne a moɗa, sai an san abin da za a ajiye da abin da za a bari. Panasonic tana da wani tsari mai suna HDR Optimizer da ke yin wannan aiki tun kafin hoton ya isa allo. Mai ita zai gaya mata irin allonsa, ita kuma ta tausasa ƙololuwar hasken ta yadda harshen wuta da hasken taga za su riƙe siffarsu. Ga mai majigi, ko mai talabijin matsakaici, wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

Sai batun Dolby Vision, wanda ke daidaita haske fitowa bayan fitowa. Dukkansu suna da shi, amma Panasonic tana gane faifan da kanta, har ma da abokin hamayyarsa HDR10+ wanda Sony ba ta karantawa. A Sony sai mutum ya ɗauki rimot ya shiga saiti ya kunna Dolby Vision da hannu, in ya sauya faifai zuwa wanda ba shi da shi ya koma ya kashe. Wannan gazawa ce ta gaske, domin mai gida ba zai riƙa duba bayan kwalin kowane fim kafin ya zauna da iyalinsa ba.

Duk da haka Sony ba kanwar lasa ba ce. Jikinta ya fi nauyi da ƙwari, kuɗinta ya fi sauƙi, kuma tana kunna faifan kiɗa na SACD da DVD-Audio, waɗanda Panasonic ba ta san da su ba. Wanda ya tara irin waɗannan faya-fayai, kuma talabijin ɗinsa mai ƙarfin haske ne da ke iya daidaita hoto da kansa, Sony za ta wadatar da shi. Panasonic kuma tana da kafofin sauti na 7.1 ga mai tsohuwar amfilifayar da ba ta da HDMI, abin da Sony ta rasa.

Mai yin oda daga waje ya kula da abu biyu. Faifan 4K ba shi da shingen yanki, amma Blu-ray na da yana da shi: Amurka tana yankin A, Afirka da Turai suna B, don haka na'urar Amurka za ta ƙi wasu faya-fayan Ingila. Sannan ta Amurka an ƙera ta ne don wutar bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Wadda aka sayo daga Ingila ta fi dacewa da soket ɗinmu, kuma ko ita a haɗa ta da sitabilaiza kafin a kunna.