Bajamushen da Kongolam Ta Sani Ta Fuska Biyu

A gidajen kallon ƙwallo na Kongolam, a kan iyakar Nijeriya da Nijar, inda direban da ya fito daga Damagaram ke raba benci da ɗan kasuwar Daura, akwai Bature guda da kowane ɓangare zai ce nasa ne. Gernot Rohr ya horar da Mena ta Nijar daga 2012 zuwa 2014, sannan ya riƙe Super Eagles ta Nijeriya daga 2016 har Disambar 2021.

Samari sun san shi da furfura a bakin fili, amma asalinsa ɗan wasan baya ne. An haife shi a Mannheim ta Jamus a 1953. Ya je Bayern Munich a 1972, zamanin Beckenbauer, sai dai benci ya fi sanin sa fiye da fili. Arzikinsa yana Faransa. Shekara 12 ya yi a Bordeaux, daga 1977 zuwa 1989, ya ci kofin lig sau uku. Aikinsa manne wa gwanin abokan hamayya kamar kaska, ya hana shi sakat. A 1996, yana koci, ya kai Bordeaux ɗin su Zidane wasan ƙarshe na kofin UEFA, kuma Bayern da ta ajiye shi a benci ita ta doke shi.

A ganina, bai taɓa tuɓe rigar ɗan baya ba. A Nijar hakan ya yi rana. A gasar Afirka ta 2013 Mena ta tashi babu ci da Kwango ta Kinshasa, maki na farko da ta taɓa samu a gasar. A Nijeriya kuwa wannan taka-tsantsan ɗin ne ya zama laifinsa. Ya kai ƙasar gasar duniya ta 2018, inda Ahmed Musa ya zura wa Iceland biyu, ya kuma samo na uku a gasar Afirka da aka yi a Masar a 2019, amma 'yan kallo na ƙorafin ƙwallonsa ba armashi. Abin dariya, baya ce ta fara kunyata shi: a Nuwambar 2020 Nijeriya na gaba da ci 4, Saliyo ta farke duka.

A Yunin 2024, yana riƙe da Jamhuriyar Benin, ya haɗu da Super Eagles a Abidjan, ya doke su 2-1.