Wasiƙar da Chaplin ya kulle a durowa

Charlie Chaplin, ɗan wasan barkwancin nan mai guntun gashin baki da malafa da sanda, ya rasu a Suwizalan ranar Kirsimeti ta 1977. Da matarsa Oona ta bi shi a 1991, aka raba kaya, wani teburin rubutu ya faɗo a rabon 'yarsu Victoria. Durowa ɗaya a kulle take, babu makulli, sai da aka kira mai gyara ya buɗe. A ciki aka tarar da wasiƙa daga wani tsoho, Jack Hill, mazaunin Tamworth a Ingila.

Tsohon bai ɓoye wa Chaplin komai ba. Ya ce masa batun haihuwarsa a Landan ba gaskiya ba ne, a cikin keken doki mai ɗaki aka haife shi, a Black Patch, wani fili a Smethwick kusa da Birmingham inda Romani ke yada zango. Ya ce keken na gwaggonsa ne, shi Jack ɗin, sarauniyar zangon, kuma shi ma a cikinsa aka haife shi. Sunan mahaifiyar Chaplin kafin aure kuwa Hannah Hill, wato Hill kamar tsohon.

Romani, waɗanda Turawa ke kira Jipsi, sun baro arewacin Indiya kusan shekara dubu da suka wuce. Mai kallon finafinan Indiya zai tsinci kalmomi a harshensu. A Turai sun sha kora da wulaƙanci, 'yan Nazi kuma suka kashe dubun dubatarsu. Shi ya sa mai jininsu yakan yi gum. Chaplin kansa ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa na 1964 cewa kakarsa ruwa biyu ce, rabinta Romani, kuma a gidansu abin kunya aka ɗauki zancen.

A Ikara ko Makarfi ko Kudan, idan za a ba da 'ya, dattijo ake turawa binciken asali, ya zauna da tsofaffin unguwa, kafin la'asar ya dawo da sunan kakan kakan yaro. Turawa kuwa takarda suke bi, kuma a nan takarda ta ba su kunya. A 1952 hukumar FBI ta Amurka, wadda ke zargin Chaplin da kwaminisanci, ta roƙi MI5 ta Birtaniya ta tono mata asalinsa, don ana raɗe-raɗin Bayahude ne mai suna Israel Thornstein. Jami'an leƙen asiri suka bi kundin haihuwa kaf, ba su ga inda aka rubuta haihuwar mutumin da duniya ta sani an haifa a Afrilun 1889 ba.

Wasiƙar ba hujja ba ce, maganar tsoho ɗaya ce. Amma a ganina mutumin da wasiƙun masoya suke zuwar masa buhu-buhu ba zai ware guda ɗaya da ta ƙaryata shi ya kulle ba, sai in ta taɓa masa wani wuri.

Ɗan Chaplin, Michael, ya karɓi labarin hannu bibbiyu. A Yulin 2015 ya je Black Patch ya buɗe allon tunawa da Romanin da aka kora daga filin. Jikar Chaplin, Carmen, ta fitar da fim a 2024 kan wannan bincike, inda ta bi mahaifinta Michael yana neman bakin zaren. Takardar haihuwar dai har yanzu ba ta fito ba.