Piyerogi: Abincin Manoman Polan Da Ake Yi Da Dankali Da Fulawa Kaɗan

A ƙasar Polan da ke tsakiyar Turai akwai wani abinci da kowane gida ya sani, mai kuɗi da talaka, ana kiransa piyerogi. Kwaɓin fulawa ne ake murzawa ya yi faɗi, a yanka shi zagaye-zagaye, a zuba ɗan haɗi a tsakiya, a ninke shi kamar rabin wata, a manne bakinsa, sa'an nan a dafa a tafasasshen ruwa. Wanda ya san mit-fai ko samosa zai gane siffarsa nan take. Bambancin shi ne, shi wannan ba a soya shi a mai, ba a kuma buƙatar tanderu. Tukunya ɗaya da ruwa da gishiri sun wadatar. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu duba shi, domin a yau man gyaɗa ne ke cinye ribar mai suya.

Abincin ya daɗe. Littafin girki na farko da aka buga da harshen Polan, wanda Stanislaw Czerniecki ya rubuta a shekarar 1682, yana da piyerogi a ciki. Akwai kuma labarin gargajiya da ke haɗa shi da wani mai wa'azi, Waliyyi Jacek (ana furta sunan Yatsek), wanda ya rasu a birnin Krakow a 1257. An ce ya ciyar da matalauta da shi a lokacin yunwa. Labarin baka ne, amma har yau a Krakow ana bikin piyerogi kowane watan Agusta, watan da ake tunawa da shi. Maƙwabtansu na Yukren ma suna da irinsa, suna ce masa bareniki.

A daren jajiberin Kirsimati iyalai a Polan suna zama cin abinci idan tauraron farko ya fito. Bisa al'ada ana jera abinci iri 12, babu nama ko ɗaya a ciki, kuma da wuya a rasa piyerogi mai kabeji da naman kaza. Suna kuma barin kujera ɗaya da kwano ɗaya babu kowa, saboda baƙon da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa. Tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar mata da yara sukan kewaye tebur suna ninki, domin aikin na hannu da yawa ne.

Amma nau'in da ya fi shahara, wanda kuma ya fi dacewa da mu, shi ne mai dankalin turawa da cuku da albasa. Suna kiransa "ruskiye". Mutane da yawa suna zaton daga Rasha sunan ya fito, alhali kuwa sunan wani tsohon yanki ne da a yau yawancinsa ke yammacin Yukren. Abincin manomi ne wanda ke da dankali a rumbu da saniya ɗaya a bayan gida, nama kuwa sai ranar biki. Mu ma a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi mun san yadda dankali ke zubewa a kasuwa lokacin girbin damina, mai saye ya zaɓi manya ya bar mana ƙanana da masu rauni. Waɗannan ƙananan su ne daidai wannan girki, tun da murƙushe su za a yi, ba mai ganin girmansu.

Kwaɓin

A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don haka zan ɗan daɗe a kai. A samu fulawar alkama rabin kilo, wato kusan kofi 4, da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, da babban cokali 3 na mai, da ruwan zafi kofi ɗaya. Ruwan ya yi zafi sosai, irin wanda ba za a iya barin yatsa a ciki ba, amma ba mai tafasa ba. Dalili kuwa, ruwan zafi yana sa kwaɓin ya yi laushi, ya yarda a murza shi ba tare da yana komawa baya kamar roba ba. Wasu gidaje suna fasa ƙwai ɗaya a ciki. A ganina ba dole ba ne, ƙwai yakan sa fatar ta ɗan yi tauri, gara a bar wa yara shi.

A zuba ruwan kaɗan-kaɗan ana juyawa da cokali, idan ya ɗan huce a sa hannu. A yi ta murzawa ana ninkewa na minti 8 zuwa 10, har kwaɓin ya yi sumul, ya daina manne wa hannu. Fulawa ba ɗaya ba ce, wata tana shan ruwa fiye da wata, kuma da hunturu takan bushe. Idan kwaɓin yana tsagewa a ƙara ruwa cokali ɗaya, idan yana danƙo a barbaɗa fulawa kaɗan. Sai a kifa masa kwano a bar shi ya huta minti 20 zuwa 30. Kada a tsallake wannan hutun saboda sauri. Kwaɓin da bai huta ba yana da gardama wajen murji, kuma shi ne ke yagewa a tukunya.

Na san za a tambaya ko garin masara ko na dawa zai yi. Shi kaɗai ba zai yi ba. Alkama tana da wani danƙo da ke riƙe kwaɓi ya miƙe ba tare da ya tsinke ba, masara da dawa da rogo ba su da shi. Saboda haka fulawar saye za a yi, kuma ba ta da araha. Shi ya sa ban ce wannan abinci zai maye gurbin tuwo ba. Amma rabin kilo yana ba da piyerogi wajen 50, babban mutum kuwa yakan ƙoshi da 8 zuwa 10. Ke nan gida mai mutum biyar ko shida ya ci ya tashi.

Haɗin ciki

Yayin da kwaɓi ke hutawa, ko ma tun kafin a fara shi, a fere dankali kamar kashi uku cikin huɗu na kilo, a dafa da gishiri har ya yi laushi. Duk dankalin da fatarsa ta yi kore ko ya yi tsiro da yawa a ware shi, domin akwai dafi a wannan koren mai kawo ciwon ciki da amai, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Idan tabon ƙarami ne a yanke shi da zurfi. A tsiyaye ruwan tas, a mayar da tukunyar kan wuta na ɗan lokaci tururin ya fita, sa'an nan a murƙushe da muciya tun yana da zafi. Kada a daka shi a turmi kamar sakwara, zai yi yauƙi.

A yanka manyan albasa 2 ƙanana-ƙanana, a soya da mai kaɗan a wuta marar ƙarfi har su yi ja-ja su yi zaƙi. Rabi a zuba cikin dankalin, rabi a ajiye don zubawa a kai daga baya.

Saura cuku. Na mutanen Polan fari ne, mai laushi, mai ɗan tsami, kuma matan ƙauyensu da kansu suke yin sa daga madarar da ta yi tsami. Za mu iya yin irinsa da kindirmo. A zuba kindirmo a tukunya, a ɗora a wuta kaɗan, kada ya tafasa. Za a ga ya tsinke, farin ya rabu da ruwan. A sauke, a juye a tsabtataccen ƙyalle, a ɗaure a rataye na wasu sa'o'i ruwan ya ɗige. Lita ɗaya takan ba da kamar cikin tafin hannu biyu, kuma ana son kusan rubu'in kilo. A tabbata an tafasa madarar tun farko kafin a kwantar da ita, saboda cututtukan da ke bin ɗanyen nonon shanu, irin su tarin fuka da zazzaɓin bakkale. Inda babu nono, awarar waken suya da ba a soya ba tana yi, a marmashe ta a matsa mata lemun tsami kaɗan. Ɗanɗanon ba zai zama ɗaya da na asali ba, amma tana gina jiki, kuma matanmu sun riga sun iya yin ta.

A haɗa dankali da cuku da albasa, a sa gishiri da masoro da hannu sake. Mutanen Polan ba sa cin yaji kamar mu, barkono baƙi kawai suke sawa, amma ban ga laifin ɗan attarugu ba. A ɗanɗana, haɗin ya ɗan fi ƙarfin gishiri kaɗan, domin fatar salam take. Sai a bar shi ya huce sarai. Haɗi mai zafi yana jiƙa kwaɓi ya huda shi.

Sauran haɗe-haɗen ba su da wuya. Akwai na nama, wanda asalinsa dabarar hana asara ce: naman da aka dafa romo da shi ake niƙawa da soyayyar albasa. Akwai na kabeji mai tsami. Ana yanka kabeji siriri, a zuba gishiri giram 20 a kowane kilo, wato kamar babban cokali ɗaya, a murza har ya fitar da ruwa, a danna shi a tulu ko bokiti mai tsabta, a ɗora abu mai nauyi yadda ruwan zai rufe shi. A ƙasarsu mai sanyi yakan ɗauki makonni, a wurinmu cikin mako guda ya yi tsami. A matse shi, a soya da albasa kafin a cusa. Su suna ƙara busasshen naman kaza na daji, amma kada kowa ya tsinko wanda bai sani ba, akwai masu kisa a cikinsu. Kabejin kaɗai ma ya isa. A gabashin ƙasar suna yi da wani irin ƙananan wake, don haka dafaffen wakenmu da aka murƙushe da albasa ba baƙon abu ba ne a ciki. Da bazararsu kuma suna cusa 'ya'yan itatuwa, su ci da sukari.

Ninki da dafuwa

A yanki kashi ɗaya cikin huɗu na kwaɓin, sauran a bar shi a rufe kada iska ta busar da shi. A barbaɗa fulawa a tebur ko bayan babban tire, a murza da kwalba mai tsabta har kaurinsa ya zama kamar milimita 2, wato kamar kwali marar kauri. A kifa bakin kofi a yanka zagaye. A ɗora haɗi cikin ƙaramin cokali a tsakiya, a ninke, a matse bakin da yatsu tun daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, sa'an nan a sake bi a karo na biyu. Abu biyu ne ke sa piyerogi ya fashe: cika haɗi fiye da kima, da barin haɗi ko mai ya taɓa bakin da za a manne. Idan bakin ya bushe ya ƙi kamawa, a shafa masa ruwa da yatsa. Waɗanda aka gama a jera su a tire mai fulawa, kada su taɓa juna, a rufe da ƙyalle. Guntayen kwaɓin da suka rage a haɗa su a sake murzawa.

A tafasa ruwa mai yawa a babbar tukunya, a sa gishiri. A zuba kamar 12 zuwa 15 a lokaci ɗaya, a juya a hankali da muciya sau ɗaya don kada su kama gindin tukunya. A rage wuta, tafasa mai ƙarfi tana yaga su. Za su nutse tukuna, can sai su taso sama kamar yadda ɗanwake ke yi. Daga lokacin da suka taso a ƙirga minti 2 zuwa 3, a tsame da matsami, a zuba a faranti a shafa musu mai kaɗan don kada su manne. Da ruwa ɗaya za a dafa duka, itacen da za a ƙona bai kai na dafa wake ba.

Mahaɗi

Ba a yi wa piyerogi miya mai yawa. Abin da aka saba shi ne soyayyar albasar nan da aka ajiye, tare da manta, a zuba a kai. Wasu suna ƙara man shanu, wasu soyayyen kitsen alade da aka yanka ƙanana, a gefe kuma cokali ɗaya na kirim mai tsami. Kindirmo mai kauri da aka sa wa gishiri kaɗan da yankakken ganyen albasa yana tsaya wa wannan kirim sosai. Wanda bakinsa ya saba da jar miya zai iya yin 'yar miyar tumatir da tattasai mai kauri, ko ya barbaɗa yajin ƙuli. Ba haka ake ci a Polan ba, amma da na dankali da na wake duka suna karɓarta. Ni dai na fi son albasa da kindirmo, domin jar miya takan danne ɗanɗanon cukun.

A ƙasarsu sukan yi da yawa su daskarar a firiji na watanni. Inda babu wuta kada a gwada ajiya. Dankali da cuku da suka sha ɗumi suna lalacewa da sauri, kuma ba kullum wari ke nunawa ba. A yi daidai wanda za a ci a ranar. Idan na rana ya rage, a shanya shi a faranti ya huce da wuri, a rufe, da yamma a soya shi a kasko da mai cokali ɗaya har gefe biyu su yi ja, cikinsa ya yi zafi sosai. Mutanen Polan da yawa sun fi son wannan soyayyen a kan sabon dafuwa. Ɗanye kuwa da aka ninke kada ya wuce awa ɗaya a tire kafin ya shiga tukunya, in ba haka ba gindinsa zai jiƙe ya manne.

Ƙungiyar matan da ke tunanin sayarwa a makaranta ko ranar kasuwa su fara da rabin kilo ɗaya a gida, su rubuta kuɗin fulawa da dankali da albasa da mai da itace, su raba da yawan piyerogin da ya fito. Mace ɗaya takan ɗauki kusan awa biyu kafin ta gama 50, amma idan uku suka zauna, ɗaya na murji, ɗaya na ninki, ɗaya na kan tukunya, ba ya kai awa guda.