Riɗin Maigatari da Ma'aunin Japan

Duk wanda ya shiga kasuwar Maigatari ta jihar Jigawa ranar Alhamis, kara ce ke fara ɗauke masa hankali: shanu, raƙuma da raguna da aka koro daga Nijar. Amma idan kaka ta yi, akwai wata hada-hadar a ɓangaren 'yan buhu. Dillali zai soka hannu ya ɗebo riɗi, ya baza a tafinsa, ya hure, ya duba yashi da tsakuwa, ya ɗan tauna, sannan ya yi tayi. Manomin da ya kawo kayan daga ƙauyukan Gumel, Gagarawa ko Sule Tankarkar yakan karɓi kuɗinsa ya juya gida. Riɗin kuwa tafiya ce a gabansa: Kano, Legas, jirgin ruwa. Wani kaso nasa ba zai tsaya ba sai Japan.

Japanawa na cin riɗi sosai. Suna barbaɗa shi a kan shinkafa, suna niƙa shi cikin miya, suna tatsar mansa. Abin da suke nomawa bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarsu ba, kuma Nijeriya na cikin manyan ƙasashen da ke sayar musu. Haka lamarin yake a kusan komai. Japan tarin tsibirai ce masu duwatsu, da mutane kimanin miliyan 124, ba ta da man fetur ko tama na a-zo-a-gani. Sana'arta ita ce ta sayo ɗanyen kaya, ta sarrafa, ta sayar wa duniya.

A 1945 ƙasar ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu a durƙushe, biranenta sun ƙone, an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1973 tattalin arzikinta ya riƙa haɓaka da kusan kashi 10 cikin 100 a shekara. A 1964 ta ƙaddamar da jirgin ƙasa mai gudun tsiya tsakanin Tokyo da Osaka, a 1968 kuma ta sha gaban Jamus ta Yamma a girman tattalin arziki. Shaidar wannan zamani na nan a tashar motar Maigatari, inda Toyota Hiace da Hilux ke lodi, tana kuma cikin tukunyar miya, domin farin magin da ake kira ajino na kamfanin Ajinomoto ne, wanda ya fara sayar da shi tun 1909.

To, wa ke kai riɗin can? A nan ne ake cin karo da wasu irin kamfanoni da Japanawa ke kira sogo shosha, irin su Mitsubishi, Mitsui, Itochu, Sumitomo da Marubeni. Bahaushen da ya san tarihin fataucin goro zuwa Gwanja ba zai sha wahalar gane su ba, don aikin fatoma suke yi: su nemo kaya, su haɗa mai saye da mai sayarwa, su ba da bashi, su tsaya wa ciniki. Bambancin shi ne nasu zangon ya game duniya, daga hatsi har iskar gas. Kamar fatoma, ba sa gaggawar yarda da baƙo. Kafin a sa hannu, sai an bi duk wanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya an ji ta bakinsa, al'adar da suke kira nemawashi. Ɗan kasuwar da ya saba da "sallama" nan take zai ga an ja masa rai, amma idan aka ƙulla, ciniki ne na shekaru.

Inda suka fi tsanani shi ne inganci. Akwai lokacin da kayan Japan ke da sunan araha da saurin lalacewa. A 1950 wani masanin ƙididdiga Ba'amurke, Edwards Deming, ya koyar da shugabannin masana'antunsu yadda ake auna aiki a gano tushen kuskure, suka riƙe karatun har suka sa lambar yabo da sunansa a 1951. A kamfanin Toyota, wanda Kiichiro Toyoda ya kafa a 1937, wani injiniya mai suna Taiichi Ohno ya gina tsari a kan ƙin ɓarna. Ba a tara kaya a sito, sai a kawo abin da ake buƙata, daidai adadinsa, daidai lokacinsa. Aka kuma rataya igiya a saman layin haɗa motoci. Ƙaramin ma'aikaci, idan ya ga ƙusa ba ta ɗauru ba, yana da ikon jan igiyar, shugaban sashe ya rugo, idan ba a warware matsalar nan take ba layi ya tsaya. Hujjarsu ita ce gyara a wurin ya fi arha a kan gyara bayan mota ta isa hannun mai ita. Wannan ɗabi'a ta gyara kaɗan-kaɗan kullum, daga shawarar masu aikin da kansu, ita ce kaizen. Hukumar JICA ta Japan ta kawo ta Afirka, har Habasha ta buɗe cibiya ta musamman domin ta a 2011.

Wannan ido ne ake duba riɗin Jigawa da shi. Tun Mayun 2006 dokar Japan ta ce duk maganin feshin da ba a yanka wa iyaka ta musamman ba, ragowarsa a abinci kada ta wuce kwatankwacin giram 1 a cikin tan 100. Ke nan maganin ƙwarin da wani ya fesa a ɗakin ajiya a Maigatari na iya sa a ƙi karɓar kwantena guda a tashar Yokohama.

Ba wai Japan ba ta da nata ciwon ba. Farashin filaye da hannayen jari ya kumbura ya fashe a farkon shekarun 1990, kasuwar hannun jarin Tokyo ba ta sake taka matsayinta na Disambar 1989 ba sai a Fabrairun 2024. Sin ta wuce ta a girman tattalin arziki a 2010, Jamus a 2023. Kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65 ko fiye, haihuwa ta ja baya, kuma yawan aiki ya kai har suna da kalmar karoshi, wato mutuwa saboda wahalar aiki.

Idan aka dawo gida, yankin ciniki maras shinge na Maigatari, wanda aka kafa a zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki, an yi shi ne don a sarrafa amfanin yankin a fitar da shi waje cikin rangwamen haraji. Ya daɗe bai cika da masana'antu yadda aka yi fata ba. Rangwame shi kaɗai ba ya jawo mai saye irin na Japan. Abin da yake tambaya sananne ne: a wace gona aka noma, me aka fesa, nawa ne danshin, kuma buhu na ɗari zai yi daidai da na farko?

Amsar tana farawa tun daga gona, lokacin da aka yanke riɗi aka jingine dammuna su bushe. Wanda ya kakkaɓe a kan tampol ya rabu da yashi tun daga nan. Wanda ya zuba a sabon buhu maimakon tsohon buhun taki ya kauce wa gurɓata. Dillalin da ya rubuta sunan ƙauye da ranar saye a jikin buhu ya ba injin tacewa a Maigatari ko Kano damar gano inda matsala ta fito, kafin tirela ta kama hanyar Legas.