MAN DIFARANSHAL NA MOTAR FO-WIL: NAWA ZA A ZUBA?

Manomi, idan kai ko ƙungiyarku kuna da mota mai jan ƙafa huɗu, watau fo-wil, irin su Hilux ko Land Cruiser ko tsohuwar Land Rover, to wannan takarda taka ce. A Abare da sauran ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, motar nan ita ke kai taki gona da damina, ita ke fito da dawa da gero da wake da kaka, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Kowane direba ya san baƙin man inji, yana duba shi kullum da safe. Amma man difaranshal, sai ka tarar mota ta yi shekara 3 ba wanda ya kwance notinsa. Ranar da ta fara kuka, an makara.

MENE NE DIFARANSHAL?

Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar. Tsakanin tayoyin baya akwai wani ƙullutun ƙarfe mai kamar tulu. Shi ne difaranshal, makanikai na ce masa dif. Ka lura da shanun huɗa idan sun kai ƙarshen kunya za su juyo: na waje yakan yi doguwar tafiya, na ciki kuwa ɗan taku kaɗan. Haka tayoyin mota suke a kwana. Aikin dif shi ne ya ba kowace taya ƙarfi, ya kuma bar ta waje ta fi ta ciki gudu.

Motar fo-wil tana da dif biyu, ɗaya a baya, ɗaya a gaba. Akwai kuma ƙaramin akwati a bayan giyabos mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ana ce masa taransfa. Kowanne da mansa dabam, ba su haɗa hanya ba. Direbobi da yawa na baya kaɗai suka sani.

A cikin dif babu famfo mai harba mai kamar na inji. Akwai babban faranti mai haƙora, gindinsa a nutse cikin mai. Idan yana juyawa sai ya kwaso man ya watsa wa sauran haƙoran da boris. Saboda haka tsawon inda man ya kai a cikin tulun shi ne komai.

TO, NAWA ZA A ZUBA?

Amsar tana jikin dif ɗin. Yana da noti biyu: na ƙasa na zubar da tsohon mai, na gefe kuma na ɗurawa. Ka tsai da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, ka ɗura ta ramin gefe har man ya kawo bakin ramin ya fara ɗigowa. Nan ne ma'auninsa. Idan dubawa kawai kake yi, ka kwance notin gefe, ka lanƙwasa ɗan yatsanka ciki. In ya taɓo mai daidai bakin ramin, ko ƙasa da shi da abin da bai wuce kaurin ƙwayar wake ba, to lafiya. In sai ka zura yatsa duka kafin ka ji danshi, da saura.

Amma don ka san abin da za ka sayo kafin ka baro Anka ko Gummi, ga kimanin yadda yake. Tsohuwar Land Rover tana shan wajen lita 1.7 a kowane dif, sai dai masu dogon jiki da aka sa wa babban dif na baya, su kan haura lita 2. Hilux ta zamanin nan tana shan wajen lita 1.5 a gaba, a baya kuwa daga lita 2.5 zuwa 3.5, gwargwadon samfurinta. Land Cruiser mai ɗaukar kaya wajen lita 2.5 ne a kowanne. Ke nan galan biyu masu lita 4 za su ishe ka dif biyun har da taransfa, da ɗan ragowa na ciko. Littafin motar, in yana nan, shi ya fi kowa sanin adadin. Amma ko littafi ya ce lita 3, idan mai ya fara ɗigowa tun ba ka kai ba, ka tsaya. Tsohon mai ne bai gama tsiyayewa ba.

Maganar wuri shimfiɗaɗɗe ba ta wasa ba ce. Idan ka ɗaga gefe guda da jak, ko motar tana tsaye a gangare, ramin zai yi maka ƙarya: ko ya karɓi fiye da kima, ko ya ɗigo tun bai cika ba.

Akwai masu cewa gara ya yi yawa da ya yi kaɗan, har su karkata motar da gangan don ta sha da yawa. Wannan kuskure ne. Man da ya yi yawa faranti na kaɗa shi kamar yadda ake kaɗa nono da maburgi, sai ya yi kumfa, ya yi zafi, kumfa kuwa ba ta shafe ƙarfe. Daga nan sai ya nemi hanyar fita. Yakan ɓalle robar da ke tare mai a bakin taya, ya jiƙa takalman birki. Motar da ta ɗauko buhu 15 na dawa ta doshi gangaren rafi da birki mai maiƙo, ka san abin da zai biyo baya. Idan kuma man ya yi kaɗan, boris ɗin da furofela ke juyawa a kai shi ke fara bushewa. Za ka ji wani kuka siriri da ke ƙaruwa in ka taka mai. Haƙoran da suka cinye ba a gyara su, sai dai saye, kuma kuɗin zai ci buhunan hatsi masu yawa, ban da kwanakin da mota za ta yi a garejin Gusau amfanin gona na jira a fili.

IRIN MAN DA ZA KA SAYA

Ka duba jikin galan ka ga an rubuta GL-5, da lamba 90 ko 80W-90 ko 85W-90. Motar da kullum tana cikin kaya masu nauyi a zafin bazara za ta iya ɗaukar 85W-140, in littafinta ya yarda. Man dif yana da kauri da wari mai ƙarfi kamar na farar wuta. Kada ka zuba baƙin man inji a madadinsa, ko da sabo ne, domin ba ya jure matsin haƙoran nan. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba ka ga galan ɗin da ya fito ba, ni dai ba na ba kowa shawarar sa shi. Idan ka ga an manna LSD a jikin dif na baya, to yana da nasa mai na musamman, ka faɗa wa mai shago.

Tarakta kuma dabam take. Massey Ferguson irin wadda aka saba gani a nan, giya da dif na baya da na'urar ɗaga garma duk mai ɗaya suke sha, fiye da lita 20, kuma da sandar awo ake duba shi. Kada ka zuba mata man dif na mota.

RUWA SHI NE BABBAN ABOKIN GABA

A ƙasarmu abin da ya fi kashe dif ba rashin mai ba ne, ruwa ne. A saman kowane dif akwai ɗan hanci na shaƙar iska. Mota ta yi tafiya dif ya yi zafi, sai direba ya afka rafi ko mashigin Gulbin Zamfara a watan Agusta. Sanyin ruwa na taɓa ƙarfen, iskar ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta hancin nan ko ta robar taya. Ba abin da za ka ji ranar. Ruwan yana nan ciki yana cin boris da tsatsa, sai kaka ta yi, lokacin da ka fi bukatar motar, sannan ta tsaya.

Saboda haka duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, ka kwance notin gefe ka duba. Man kirki launin zuma ne, ko ya ɗan yi duhu in ya tsufa. Idan ka gan shi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, a zubar da shi a ranar. In da hali ka tsaya minti 10 ko 15 a bakin rafi dif ya huce kafin ka shiga. Hancin kuma a riƙa share masa laka, don in ya toshe shi ma yana sa mai ya tsattsafo ta bakin taya.

YADDA ZA KA CANJA

Ka yi aikin bayan mota ta ɗan yi tafiya, mai na da ɗumi, ya fi saurin zuba. Ka goge laka daga notocin biyu. Lalle ka fara kwance na gefe kafin na ƙasa. Wanda ya fara zubarwa sannan ya tarar na ɗurawa ya ƙi kwancewa, ya ɗaure motarsa da hannunsa. A Toyota sufana mai lamba 24 ita ke kama na baya.

Notin ƙasa yana da maganaɗisu. In ka ga baƙin gari mai laushi a kansa, ba komai, goge shi. In kuwa ka ga ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa, kai motar wurin makaniki tun kafin ta kai ka. Ka mai da notin da sabuwar wasa, ka ɗura da tiyo da mazurari mai tsabta, ko da gorar roba da aka huda murfinta. Ko ƙwayar yashi kada ta bi. Ka ɗaure daidai, ban da hawa kan sufana da ƙafa.

Ka duba man sau ɗaya a wata. Ka canja shi a kowace kilomita 40,000, amma motar da ke aikin ƙauye gara a canja mata kowace shekara da ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, kafin a fara kwasar hatsi.

Tsohon man kuma a tara shi cikin jarka mai murfi a kai wa makaniki. Kada a zubar a tsakar gida ko kusa da rijiya, kada a shafa wa dabba a gyambo. Mutanen Abare ba sa bukatar a gaya musu abin da ƙasar tsakar gida mai guba ke yi wa yara, tun bayan gubar dalma ta 2010, da sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Jarkar da ta ɗauki wannan mai kada ta koma ɗaukar ruwan sha ko man gyaɗa, ko an wanke ta da omo.